Faruk Lawan, Sardauna, da Rigimar Jimlar Farko

Ranar 22 ga Oktoba, 2024, Faruk Lawan ya fito daga gidan yarin Kuje bayan ya cika wa'adin da kotu ta ɗiba masa. Shekara guda bayan haka, a Oktoban 2025, sunansa ya fito cikin jerin waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya yi wa afuwa. Da wannan aka rufe maganar da ta faro tun 2012, aka kuma buɗe wata wadda babu alƙalin da zai yanke ta: da wace jimla za a fara tarihin mutumin?

Akwai jimloli aƙalla uku, kuma babu ƙarya a cikin ko ɗaya. Ana iya cewa ɗan Shanono ne da mutanen mazaɓar Bagwai da Shanono suka tura Majalisar Wakilai sau huɗu a jere, daga 1999 zuwa 2015. Ana iya cewa shi ne ya jagoranci 'yan majalisar da suka tsaya kai da fata a 2007 har Patricia Etteh ta sauka daga shugabancin Majalisa saboda kwangilar naira miliyan 628 ta gyaran gidaje da sayen motoci, kuma shi ne ya shugabanci kwamitin da ya tona asirin tallafin man fetur a 2012. Ana kuma iya cewa tsohon ɗan majalisa ne da kotuna uku suka tabbatar ya karɓi dala 500,000 daga hannun attajiri Femi Otedola. Duk wadda aka sa a gaba, sauran biyun 'yan rakiyarta za su zama. Mai karatu kuwa, musamman na yanzu da ba kasafai yake wuce sakin layi na farko ba, da ita zai tashi.

Wannan rigima ta girmi shari'ar Faruk Lawan. Tun 1962 da littafin rayuwar Sardauna ya fito, marubuta da masu buga littattafai da iyalan shugabanni da magoya bayansu suke ja-in-ja a kan tarihin 'yan siyasar Arewa. Wanda ya bi sawun ja-in-jar zai lura cewa da wuya musun ya kasance a kan aukuwar abu. Kowa ya yarda an yi shari'a, an yi zaɓe, sarki ya bar gari. Inda ake raba hanya shi ne wurin jeri, wato me za a gabatar, me za a jinkirta, sai wurin zaɓen kalma, sai kuma wurin abin da za a kau da kai daga gare shi. Na ƙarshen nan ya fi sauran ƙarfi a ƙasar Hausa, domin a nan kawaici ɗabi'ar kirki ce, kuma marubucin da ya tsallake aibin babban mutum ba ya jin ya yi ƙarya. Ji yake ya yi kara.

A ɗauki abin da ya faru a Gusau. A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu. Ahmadu, hakimin Raba, yana cikin masu neman gadon, amma Abubakar na Uku aka naɗa. Aka ba Ahmadu sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato. A 1943 aka tuhume shi da karɓar jangali daga Fulani makiyaya ba tare da ya shigar da kuɗin baitulmali ba. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin wata uku. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, can aka soke hukuncin aka sallame shi. Ya koma gida sunansa ya ƙara girma, musamman a wurin samarin da suka yi boko, waɗanda suka ga ɗan sarauta ya ja da fada ya kuma yi nasara.

Iyakar abin da ya tabbata ke nan, kuma ba shi da yawa, amma ya isa a gina mutum biyu da shi. A cikin My Life, littafin da maɗabar Jami'ar Cambridge ta buga a 1962, wanda Rex Niven, tsohon Razdan kuma tsohon shugaban Majalisar Dokokin Arewa, ya taimaka wajen rubutawa, Sardauna ya ba da labarin a matsayin makircin maƙiya. Ba a yi tsammanin wani abu daban daga gare shi ba. Firimiya ne mai ci, shekara biyu da samun 'yanci, zaɓe yana tafe, kuma Sarkin Musulmin da aka yi shari'ar a fadarsa yana nan bisa gado. Abokin hamayya kuma yana iya cewa an taɓa yanke wa Firimiya ɗauri saboda kuɗin jangali, ya ɗiga aya a nan. Bai yi ƙarya ba, amma ya yi zalunci, domin ya guntule jimlar kafin ta isa Zariya. Wanda ya rubuta cewa an ƙulla masa sharri, ba tare da ya faɗi wanda ya ce hakan ba, shi ma ya wuce gona da iri, domin kotun Zariya hukunci ta soke, ba ta zauna shari'ar masu makirci ba. Na uku shi ne wanda ya share maganar baki ɗaya don girmamawa. Wannan ya bar mai karatu ba zai taɓa gane asalin tsamin da ya daɗe tsakanin Sardauna da fadar Sakkwato ba, kuma ya hana wa Sardauna kansa ɗaya daga cikin manyan nasarorinsa.

Shekara 20 bayan Gusau, Sardauna ne yake wancan gefen teburin. A 1962 gwamnatinsa ta naɗa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya jigo ne a jam'iyyar NPC, kuma ana lissafa shi cikin aminan Firimiya. Bayan binciken, a 1963, Sarki ya bar gadon sarauta aka kai shi Azare. Takardun gwamnati sun ce murabus ya yi. Mutanen Kano da yawa sun ce tuɓe shi aka yi, har magoya bayansa suka kafa jam'iyyarsu ta Kano People's Party. Duka kalmomin biyu suna da madogara: akwai takardar murabus, kuma akwai tilas a bayanta, tun da mai murabus don kansa ba a zaɓa masa garin da zai zauna. Har yau marubucin da ya isa wannan shafi sai ya zaɓi ɗaya, kuma daga wadda ya zaɓa ake gane ko daga Kaduna yake kallon lamarin ko daga Ƙofar Kudu. Mafita ɗaya ce, kuma tana da tsawo: a faɗi cewa ya miƙa takardar murabus bayan rahoton bincike, a ƙarƙashin matsin gwamnatin Jihar Arewa, aka kuma fitar da shi daga ƙasarsa. Editoci ba sa son irin wannan jimla saboda ba ta shiga kanun labari. Ita kaɗai ce kuwa bangarorin biyu za su karanta ba wanda ya ce an cuce shi.

Babban littafin tarihin Sardauna ya fito ne a 1986, shekara 20 cif bayan kashe shi. John Paden ya rubuta shi, kamfanin Hudahuda na Zariya ya buga, kuma ya kusa shafi 800. Paden ba baƙo ba ne. Ba'amurke ne da ya yi bincike a Kano tun shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan addini da siyasar birnin a 1973, ya kuma koyar a Zariya da Kano. Hanyarsa ita ce ya zauna da waɗanda suka san Sardauna, ministoci da manyan sakatarori da dangi da abokai, ya bar su su yi magana da bakinsu. Wannan ne ƙarfin littafin, kuma har gobe babu wanda zai rubuta tarihin siyasar Arewa bai leƙa shi ba. A nan kuma rauninsa yake. Yawancin shaidun mutane ne da Sardauna ya rena, da yawansu a 1986 suna riƙe da manyan muƙamai, kuma ana tambayarsu ne game da ubangidan da sojoji suka harbe a gidansa tare da uwargidansa Hafsatu. Mutumin kirki ba ya buɗe baki a irin wannan zama ya lissafa aibi. Inda aka zo kan abin da ba ya faɗuwa, akwai tsohuwar mafaka da Bahaushe ya tanada tun tuni: ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Ko taken littafin, wanda ya yi maganar ɗabi'u da shugabanci, ya riga ya nuna tambayar da aka tafi da ita, wato yaya wannan mutum ya riƙe Arewa. Tambaya ce mai kyau. Sai dai a cikinta ɗan NEPU da aka gurfanar gaban alƙali saboda ya yi taro ba izini, ko manomin ƙasar Tibi a tarzomar 1960 da ta 1964, matsala ce da shugaba ya fuskanta, ba shaida ba ne da za a ji ta bakinsa. Da an tafi da wata tambayar, misali yaya mulkin NPC yake ga wanda ya ƙi ta, da littafi daban aka samu, shi ma ba tare da ƙarya ko ɗaya ba.

Akwai kuma wani karkata da ba laifin marubuci ba ne. Ofishin Firimiya yana da akawu da fayil. Wasiƙunsa da jawabansa suna nan a gidan adana takardun tarihi na Kaduna da kuma Gidan Arewa, cibiyar binciken da aka kafa a 1970 a harabar gidansa. Talakan da ya yanki katin NEPU a wani ƙauye na ƙasar Kano, aka ɗaure shi wata shida bisa zargin zagin hakimi, in ma sunansa ya shiga takarda, to, a littafin kotun da ta ɗaure shi ne, da kalmomin wanda ya ɗaure shi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa, kuma an san labarinta ne domin ta yi tsawon rai ta ba da shi da bakinta. Ɗaruruwan da ba su yi suna ba sun tafi da nasu. Saboda haka marubucin da ya ce shi ba ruwansa da ɓangare, abin da ke rubuce kawai yake bi, ya riga ya shiga ɓangaren da ya mallaki takarda, ko ya sani ko bai sani ba.

Littafin Trevor Clark a kan Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1991, ya bi kusan wannan hanya. Clark tsohon jami'in mulkin mallaka ne da ya yi aiki a Bauci ya kuma yi abota da Abubakar, kuma bai ɓoye ƙaunarsa ba. Mai karatu ya san inda marubucin ya tsaya tun daga bangon littafin, sai ya yi awonsa da wannan sani.

Da za a ce wannan ciwo na masu mulki ne kaɗai, da tarihin Malam Aminu Kano ya tsira daga gare shi. Bai tsira ba. Littafin da aka fi sani a kansa, African Revolutionary, wani Ba'amurke abokinsa mai suna Alan Feinstein ya rubuta shi, ya fito a 1973, Malam yana raye, yana kuma riƙe da muƙamin kwamishinan lafiya a gwamnatin Janar Gowon. Babban shaidan littafin shi ne mai littafin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ba lallai ta fi cika ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da hasken Malam ya dusashe shi ne kafuwar NEPU kanta. An kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, lokacin Malam yana koyarwa a Maru, kuma waɗanda suka zauna zaman kafawar su ne irin su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta. Sai daga baya ya ajiye aiki ya dawo Kano, ya zama shugabanta a 1953. Duk da haka, a yau da wuya a karanta gajeren tarihinsa ba a ga an kira shi wanda ya kafa NEPU ba. Kuskure ne ƙarami da ƙauna ta haifa, amma ya shafe sunayen mutanen da suka ɗauki kasadar farko.

Babin da ya fi wuya a rayuwar Malam ya zo ne bayan littafin ya fita. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka zama gwamnoni. Kafin shekara ta zagayo an sami saɓani a kan zaman da gwamnonin biyu suke yi da takwarorinsu na UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi, aka kore su. PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. 'Yan Santsi, waɗanda malaman jami'a masu ra'ayin sauyi suka mara wa baya, suna zargin ɓangaren Malam da sassautawa NPN, magajiyar NPC. 'Yan Taɓo suna ganin yaran da Malam ya ɗora a kujera ne suka yi masa butulci. A tsakiyar wannan rikici aka tsige Balarabe Musa a Yunin 1981, a watan Yuli kuma aka yi tarzomar Kano da ta ci ran Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ba a ɗinke ɓarakar ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ban mamaki. Mutuwa ta sasanta abin da siyasa ta kasa, amma a kan takarda kawai. Filin jirgin sama da asibitin koyarwa suka ɗauki sunansa, gidansa na Mambayya ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma kusan kowane ɗan siyasar Kano, har da jikokin waɗanda suka ɗaure 'yan NEPU, yana kiran kansa magajinsa. A jawaban tunawa da shi ana tafiya daga 1950 zuwa 1966 a tsanake, a yi tsalle a dira a jana'iza. Shekarun 1980 zuwa 1983 ba su da mai so, domin duk wanda ya buɗe su sai ya ce ko dai Malam ya yi kuskure ko almajiransa sun yi, kuma dukkan ɓangarorin suna da magada masu ƙuri'a. Mafi amfanin abin da aka yi wa tarihinsa, a ganin mai neman gaskiya, shi ne irin aikin Alkasum Abba, wanda a 1993 ya tattara takardu da jawaban Malam na shekarun 1950 zuwa 1960 ya buga su yadda suke. Takarda ba ta jin kunyar kowa. Irin wannan aiki ne shekarun Santsi da Taɓo suke bukata daga ɓangarorin biyu.

Rigimar da aka yi a fili, gaban jaridu, ta zo ne a 2016, kuma Paden ne dai a tsakiyarta. Shekara 30 bayan littafin Sardauna ya rubuta tarihin Muhammadu Buhari da amincewar mai tarihin, aka ƙaddamar da shi a Abuja a farkon Oktoba, Buhari yana shekararsa ta biyu a mulki. A cikin littafin an ce lokacin neman mataimaki a ƙarshen 2014 an gabatar wa Buhari sunaye uku, Tinubu da Babatunde Fashola da Yemi Osinbajo, ya zaɓi Osinbajo duk da matsin lambar da Tinubu ya yi don a ɗauke shi. 'Yan layuka ne a littafi mai ɗaruruwan shafuka, amma su kaɗai aka tattauna. Mutanen Tinubu suka yi ca, suka ce ubangidansu ne ya kawo Osinbajo, kuma an rubuta hakan ne don a rage masa daraja. A Disambar 2021 Bisi Akande, shugaban riƙo na farko na APC, ya fitar da nasa littafin, My Participations, inda ya ce Buhari ya yi wa Tinubu alkawarin kujerar tun farko, ya janye daga baya saboda batun Musulmi biyu a takara ɗaya, sannan Tinubu ya miƙa sunan Osinbajo. Buhari ya halarci ƙaddamar da littafin Paden a Abuja, ya kuma halarci ta littafin Akande a Legas. Ya rasu a Yulin 2025, littattafan biyu suna nan a kasuwa, kowanne da nasa labarin.

Darasin da ke cikin wannan ya shafi sana'ar kanta. Tarihin da aka rubuta da izinin mai shi yana samun abin da wani ba zai samu ba, wato ƙofa a buɗe da takardu da hira. Farashinsa shi ne cewa duk inda aka yi zama a ɗaki aka fito da labari biyu, na mai gida ne zai shiga littafi da muryar marubuci, kamar hukunci. Da Paden ya rubuta cewa ga yadda na kusa da Buhari suka ba da labarin, ga kuma yadda mutanen Legas suke ba da shi, da babu rigima, kuma da littafin ya fi daɗewa. Ga kuma al'adar ƙaddamarwa, inda attajirai da gwamnoni suke sayen kwafi ɗaya da miliyoyin naira a gaban wanda aka rubuta tarihinsa. Kowa ya ci ladan kuturu ya san abin da ke jiransa.

Ba sai an je Turai neman misalin yadda ake yi ba. A 1812 Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, tarihin jihadin mahaifinsa, wanda shi kansa yana cikin manyan jagororinsa. Babu wanda zai kira shi ɗan ba-ruwanmu. Amma da ya zo kan yaƙi da Barno, sai ya shigar da wasiƙun Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi a cikin littafin, wasiƙun da suke tuhumar halaccin yaƙin tun daga tushe, suna cewa saɓo ba ya mai da Musulmi kafiri. Bello ya ba da amsa mai tsawo, kuma tun da littafinsa ne, shi ya yi maganar ƙarshe. Duk da haka ya bar hujjar abokin gabarsa a tsaye da ƙafarta, har ya zama yau, bayan shekara 200, ɗalibi yana iya karanta Bello ya fito yana ganin al-Kanemi yana da magana. Baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo ma, a Tazyinul Waraƙati, bai ɓoye ɓacin ransa da son duniyar da ya gani a cikin rundunar jama'a ba, ɓacin ran da ya sa ya bar ta ya nufi gabas har ya tsaya a Kano. Waɗannan malamai sun san hanin da addini ya yi ga cin naman mutane da zagin matattu fiye da kowane marubucin yau. Sun kuma san cewa malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan faɗin wane amintacce ne, wane mai rauni ne, domin abin da ya shafi amanar jama'a ba ya shiga ƙarƙashin rufin asiri.

Da wannan ma'auni, tarihin ɗan Shanono yana bukatar doguwar jimla irin ta Sarki Sanusi. Ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik da yajin aiki da zanga-zanga. Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike ta ba Faruk Lawan shugabanci, aka riƙa nuna zamansa kai tsaye a talabijin. Rahoton da ya miƙa a Afrilu ya nuna cewa an ware naira biliyan 245 don tallafi a kasafin 2011, amma abin da aka biya ya haura tiriliyan 2.5, ya kuma nemi a dawo da sama da tiriliyan ɗaya. Ranar da Majalisa ta zauna a kan rahoton, shi da kansa ya nemi a cire kamfanin Zenon na Otedola daga jerin waɗanda ake tuhuma, aka cire. A watan Yuni Otedola ya fito ya ce ya ba shi kuɗi, kuma tarko ne da aka ɗana da sanin jami'an tsaro na farin kaya. Faruk ya amsa cewa ya karɓa, amma ya ce ya karɓa ne don ya zama hujja cewa an nemi a saye shi. Majalisa ta sauke shi daga shugabancin kwamitin, ta mai da Zenon cikin jerin.

Hukumar ICPC ta gurfanar da shi a 2013. Shari'ar ta ratsa hannun alƙali fiye da ɗaya, Otedola ya tsaya a matsayin shaidan masu ƙara, sai ranar 22 ga Yuni, 2021, Mai Shari'a Angela Otaluka ta same shi da laifi a tuhuma uku, ta yanke masa shekara bakwai. A Fabrairun 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke tuhuma biyu, ta ce ba a tabbatar ya nemi dala miliyan uku ba, ta bar ta karɓar dala 500,000, ta mai da ɗaurin shekara biyar. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a Janairun 2024.

Kowane ɓangare yana da gaɓar da zai so a tsallake. Mai son sa zai so a yi sauri a kan ranar da aka cire Zenon, domin ita ce ta raunana uzurinsa. Mai ƙin sa zai so a manta da tuhuma biyun da aka soke, ya ci gaba da ambaton miliyan uku kamar an tabbatar, ya kuma bar mai karatu ya ɗauka cewa faɗuwar shugaban kwamiti ta ƙaryata rahoton kwamiti, alhali babu kotun da ta zauna a kan waɗancan alƙaluma a wannan shari'a. Sannan ga kalmar ƙarshe. Sardauna wanke shi aka yi, domin kotun sama ta rushe hukuncin kotun ƙasa. Faruk Lawan afuwa aka yi masa, bayan ya gama zaman gidan yari, kuma afuwa ba ta cewa ba a yi ba. A bakin magoya baya kalmomin biyu sukan narke su zama ɗaya, kuma wanda ya bar su suka narke a takarda ya ɗauki ɓangare da kalma guda.

Akwai kuma shaidun da ba su shiga kotu ba, su ne manoman Shanono da Bagwai da suka zaɓe shi sau huɗu. A Maris 2015, shekara uku bayan zargin kuma shekara shida kafin hukuncin farko, ya sake tsayawa a PDP ya faɗi. Wani marubucin zai ce talakawa sun riga alƙali yanke hukunci. Wani zai tuna cewa a wannan ranar ce Buhari ya kwashi ƙuri'a sama da miliyan 1.9 a Jihar Kano, guguwar da ba ta tsaya tambayar ɗan PDP ko yana da shari'a a Abuja ba. Takardar sakamakon zaɓe ba ta rarrabe tsakanin dalilan biyu. Waɗanda suka jefa ƙuri'ar kuwa yawancinsu suna nan da ransu, a Shanono da ƙauyukanta, ga wanda zai je ya tambaye su.